MAJIGIN ZAMANI DA RIMOT ƊINSA: KUNNAWA DABAN, KASHEWA DABAN

Daga Wakilinmu

Dattawan ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum waɗanda suka yi wayo kafin a kafa Jihar Arewa Maso Yamma a 1967 ba su manta da motar majigi ba. Da la'asar sakaliya sai a ji sankira yana kewaya gari yana shela cewa yau akwai majigi a ƙofar fada. Kafin a idar da sallar lisha an kafa farin ƙyalle, an ta da injin wuta, yara sun zauna a gaba a kan rairayi, manya suna baya, mai fassara kuma yana tsaye da makirufo a hannu yana bayyana wa jama'a abin da suke gani, walau maganar tsabtar rijiya ce, ko shukar auduga a layi, ko allurar shanu.

Asalin wannan aiki daga wani Bature ne jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers, wanda ya fara nuna wa mutanen Ikko fim a ƙarshen shekarun 1920 domin yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulki, ta kuma ɗora shi a kansa. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin, ta riƙa aika motoci lardi lardi. A irin wannan fage ne fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya domin jan hankalin manoma, ya yi suna. Ita kanta kalmar majigi, masana sun ce daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa mai haska hoto a bango aka samo ta.

Abin lura a nan shi ne, kowace motar majigi tana da ma'aikacinta wanda aka horar musamman, kuma da wannan aiki yake cin abinci. Ya san cewa fitilar majigi aba ce mai tsada, mai saurin fushi, saboda haka idan an tashi daga kallo yakan kashe fitilar tukuna, ya bar fanka ta huce ta, sa'an nan ya kashe inji. Ba a taɓa na'urar sai da izninsa.

MAJIGI YA DAWO

Zuwan talabijin ya sa motar majigi ta ja baya har ta ɓace. To, amma a 'yan shekarun nan majigi ya dawo da sabuwar kama, ɗan ƙarami wanda yaro zai iya ɗauka, ana jona shi da kwamfuta ko dikoda. Yau akwai shi a makarantun sakandare, da ɗakunan taro na sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da wuraren bitar ma'aikatan lafiya, da gidajen kallon ƙwallo. Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, bukatarsa ta ƙaru ƙwarai a makarantu, domin inda ɗalibai suka fi kwamfutoci yawa, majigi ɗaya shi ke ba aji guda damar ganin abin da malami yake yi a kan kwamfuta ɗaya.

Sai dai majigin ya dawo ba tare da ma'aikacinsa ba. Wanda ya gaje shi ɗan abin nan ne na roba da ake kira rimot, kuma shi ne abu na farko da ke ɓata.

Kwanakin baya na halarci wani taron bita na malamai a ɗaya daga cikin garuruwan wannan yanki. An rataye majigi a silin, rimot ɗinsa na asali ya daɗe da ɓata, an sayo wani na gama-gari a kasuwa, irin wanda aka ce yana aiki da kowace na'ura. Da safe aka danna, majigi ya kama, kowa ya ji daɗi. Da azahar ta yi shugaban taro ya dubi malamin da ke riƙe da rimot ya ce, "Malam, kashe mana mu tafi salla." Malam ya danna, ya sake dannawa, ya matsa kusa ya ɗaga hannu ya danna, shiru. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙi mutuwa." Sai wani ya tashi ya kashe soket a bango, hoto ya ɗauke, fanka ta tsaya cak. Aka gaya mini haka suke yi kullum tun da rimot na asali ya ɓata. Da na koma bayan 'yan watanni na tarar an sauke majigin an kai sito, ƙwansa ya mutu, an rubuta takardar neman wani, ana jiran amsa. Hukuncin da kowa ya yanke shi ne rimot ɗin jabu ne.

Alhali kuwa rimot ɗin lafiyarsa lau. Majigin yana da lamba ɗaya ta kunnawa, da wata dabam ta kashewa, shi kuwa rimot ta kunnawa kaɗai ya sani. Da akwai wanda ya san wannan a wurin, da aikin minti goma ya tsirar da dukiyar jama'a.

YADDA RIMOT KE MAGANA

Kamfanin Zenith na Amurka ne ya fara yin suna da wannan na'ura. A 1950 ya fitar da wadda ake jonawa da talabijin da doguwar waya. A 1955 injiniyansa Eugene Polley ya ƙera wadda ke aiki da hasken tocila, amma hasken rana ya riƙa rikita ta. A 1956 Robert Adler ya kawo wadda ke aiki da wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, ita ce kuma ta riƙe kasuwa har wajen 1980, lokacin da aka koma ga irin wadda muke amfani da ita yanzu. Rimot na gama-gari kuwa a tsakiyar shekarun 1980 ya bayyana, kuma a 1987 Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya fitar da wani mai suna CORE wanda yake koyon saƙo daga wani rimot, ya kuma jera umarni da yawa a kan maɓalli guda.

A goshin kowane rimot akwai ɗan ƙaramin ƙwai mai ba da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Mai karatu zai iya tabbatar da haka da kansa: ya buɗe kyamarar wayarsa, ya fuskantar da rimot gare ta, ya danna maɓalli. A yawancin wayoyi zai ga ƙwan yana ƙyaftawa da haske mai kama da shuni. Wannan kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ko rimot yana da rai.

Ƙyaftawar nan ita ce maganar rimot. Hasken yana kamawa yana ɗaukewa wajen sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, domin na'urar da ake yi wa magana ta bambanta shi da hasken rana ko na fitila. Ana kuma yanka shi gajere da dogo, kamar yadda mai kalangu ke yanka kiɗa har wanda ya san take ya ji sunansa a ciki. Kowane kamfani da irin takensa. Na Philips yana tafiya a kan 36,000, na Sony a kan 40,000. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne tsarin da kamfanin NEC na Japan ya ƙirƙiro, inda kowane saƙo yake da ɗigo 32. A asalin tsarin, takwas na farko suna faɗin na'urar da ake nufi, takwas na biye suna maimaita su a juye domin a kama kuskure, takwas na uku su ne umarnin kansa, na ƙarshe kuma su maimaita shi a juye. Duk wannan ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Ɗigo takwas na umarni suna iya ba da lambobi 256 dabam dabam, alhali da wuya a sami rimot mai maɓalli sittin. Watau ke nan na'ura tana iya jin umarnin da babu maɓallinsa a jikin rimot ɗinta. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Abu na biyu kuma, rimot yana magana ne ba ya ji. Ba ya sanin ko saƙonsa ya isa, ba ya kuma sanin ko na'urar a kunne take ko a kashe.

LAMBA ƊAYA KO BIYU

Yawancin talabijin lamba ɗaya gare su ta wuta. In a kashe take, saƙon ya kunna ta, in a kunne take, shi ne dai zai kashe ta. Wannan ba shi da laifi muddin mutum yana tsaye yana kallo. Amma a ɗakin taro inda aka haɗa majigi da dikoda da amfilifaya, aka kuma saita maɓalli guda ya tashe su duka, idan ɗaya daga ciki ta riga ta kama, ko wani ya gitta ya tare hasken, sai lissafi ya rikice: a danna, biyu su kama ɗaya ta mutu, a sake dannawa, ɗaya ta kama biyu su mutu.

Saboda haka masu ƙera majigi da yawa suka raba lambar gida biyu. Lambar kunnawa ba ta yin kome in majigi ya riga ya kama, lambar kashewa kuma ba ta yin kome in a kashe yake. Wanda ya duba rimot na wasu majigan BenQ ko NEC ko JVC zai ga maɓallan wuta biyu ne. Waɗanda suka tsaya a kan lamba ɗaya kuwa, galibi sai an danna sau biyu kafin su mutu: dannawar farko ta fito da tambaya a kan allo, ta biyu ta tabbatar.

Dalilin duk wannan tsantseni shi ne ƙwan. Irin ƙwan da ke cikin mafi yawan majigan da ke makarantunmu, wanda Philips ya fito da shi a 1995, ɗan ƙaramin kwalba ne mai zaiba a ciki, yana aiki da tsananin zafi da matsi. Yana bukatar kamar rabin minti ko fiye kafin haskensa ya cika, kuma idan an kashe shi fanka takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. A tsawon wannan lokaci majigi ba ya karɓar umarni, ba kuma za a iya sake kunna shi nan take ba. Kuskuren kashe majigi a tsakiyar darasi yana cin mintoci, yana kuma rage wa ƙwai kwana, domin kowace tayarwa tana cin wani abu daga jikinsa. Zare wuta kuwa alhali yana da zafi yana tsai da fanka, zafin ya taru a ciki ya gasa ƙwai da abin da ke kewaye da shi. Akwai sababbin majigai da aka ƙera su jure wa hakan, amma sai littafin na'urar ya faɗa, kada a ɗauka da ka.

Shi kuwa rimot na gama-gari maɓallin wuta ɗaya gare shi. Idan aka saita shi da majigi mai lamba biyu, sau da yawa ɗaya kaɗai ke hawa kan maɓallin, ɗayar ta rasa mazauni. Abin da ya faru a taron da na ba da labari ke nan.

YADDA AKE SAITAWA

Da farko a san abin da za a saya. Yawancin masu arha da ke kasuwa na talabijin ne kawai, ba su san majigi ba sam. A duba kwali da takardar ciki, a tabbatar akwai sunayen majigai a jerin, kuma mafi muhimmanci a tabbatar rimot ɗin mai koyo ne.

Hanyoyin saitawa uku ne. Ta farko, a nemi sunan kamfanin majigin a takarda, a gabansa akwai lambobi masu alƙaluma uku, ko huɗu, ko biyar. A riƙe maɓallin saiti har ɗan jan ƙwai ya tsaya da haske, a buga lambar, a gwada. Kada a tsaya a kan ta farko don kawai ta kunna majigi. A gwada kashewa, da canza mashigar hoto, da buɗe jerin saiti, domin wata lambar da ke ƙasa a jerin tana iya fin ta cika.

Ta biyu, a bar rimot ya yi ta gwada lambobinsa ɗaya bayan ɗaya har na'urar ta amsa. Wannan hanya ta fi dacewa da talabijin. Majigi yana jinkirin nuna alama, kafin a ankara rimot ya wuce lambar da ta dace. Wanda ya bi ta ya zuba ido a kan ɗan ƙwan da ke jikin majigin, ya yi ta a hankali.

Ta uku ita ce koyo, kuma ita ce maganin lamba biyu. A sa sabon batir a duka biyun, a ajiye su a kan tebur goshi da goshi, tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu, nesa da taga da doguwar fitilar ofis, domin haskensu yana gurɓata saƙon. A sa sabon rimot cikin halin koyo, a danna maɓallin wutarsa, sa'an nan a danna maɓallin kunnawa na tsohon har ɗan ƙwai ya nuna ya karɓa. Bayan haka a zaɓi wani maɓalli da ba a amfani da shi, misali ja daga cikin masu launi huɗun nan, a koya masa lambar kashewa. A manna 'yar takarda a bayan rimot a rubuta da Hausa wane ne na kunnawa, wane ne na kashewa. Gwaji kuma a yi shi da haƙuri: a kunna, a bar majigi ya yi mintoci yana aiki, a kashe, a jira fanka ta tsaya kafin a sake.

Idan rimot ɗin yana jera umarni a kan maɓalli guda, a fara da majigi, a sa jinkiri na wajen rabin minti kafin umarnin zaɓen mashigar hoto, in ba haka ba saƙon zai isa majigi bai farka ba. Ga majigin da ke neman tabbaci, a jera lambar kashewa sau biyu da ɗan jinkiri na daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsakani.

IDAN NA ASALI YA RIGA YA ƁATA

A nan ne zumunci tsakanin ma'aikatu ke da amfani. Kayan gwamnati galibi a tare ake sayensu, saboda haka mai yiwuwa ne makarantar da ke Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas tana da irin majigin da ke Zugu. Aron rimot na sa'a ɗaya ya isa a koya wa sabo duk abin da ake bukata.

In hakan ya faskara, kamfanoni da dama suna buga jerin lambobin majigansu a intanet, har da waɗanda ba su da maɓalli a rimot na asali, kamar yadda muka ambata a baya. Sau da yawa ana rubuta su da wani tsari da aka sani da Pronto, sunan wani rimot na Philips. Wasu wayoyin hannu, kamar da yawa daga cikin na Xiaomi, suna da irin ƙwan nan a goshinsu, suna iya aika saƙon, rimot mai koyo kuma ya ɗauka daga gare su. Amma kada a bar majigin makaranta ya dogara da wayar mutum ɗaya, domin ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ya tafi da wayarsa. Haka nan kada a dogara da abin da ba ya saituwa sai da intanet. Mutanen Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan waya na tsawon makonni daga watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Logitech ya sanar da daina ƙera rimot ɗinsa Harmony, wanda ta intanet ake saita shi.

Ga manyan ɗakunan taro akwai hanyar da ta fi haske tabbaci, watau waya. Majigai da yawa suna da wata kafa a baya mai suna RS-232, ko kafar haɗin kwamfutoci mai amfani da ƙa'idar PJLink wadda ƙungiyar masu ƙera kayan ofis ta Japan ta tsara. Ta nan kunnawa da kashewa umarni biyu ne dabam, kuma majigi yana mai da amsa ya faɗi halin da yake ciki.

WUTA, ƘURA DA ZAIBA

Rimot mai kyau ba ya hana ɗaukewar wuta. Inda janareta ake amfani da shi, a kashe majigi tukuna, a jira fanka, sa'an nan a kashe inji, kamar yadda ma'aikacin motar majigi yake yi. Inda hali ya yi, a sa masa ɗan batirin ajiya ko inbata wanda zai riƙe fanka na 'yan mintoci. A jerin saiti na majigai da yawa akwai wurin da ke sa shi ya kama da kansa da zarar wuta ta zo. Inda wuta ke yawan kaiwa da komowa a rufe wannan, domin kada ya kwana yana kamawa yana mutuwa babu kowa a ɗakin. A riƙa kakkaɓe matacin ƙura, musamman da hunturu, a kuma tuna cewa zafin bazara a Gummi da Anka yakan haura digiri 40, alhali yawancin majigai an ƙera su ne su yi aiki a ƙasa da haka.

Ƙwan da aka kula da shi yakan yi sa'o'i dubu biyu zuwa dubu biyar ko fiye, gwargwadon irinsa. Sababbin majigai masu hasken lesa kuwa masu ƙera su suna ba su wajen sa'o'i 20,000, ba su da zaiba, ba su kuma da dogon jiran hucewa. Ya kamata masu sayen kaya su riƙa la'akari da wannan.

Maganar zaiba ba ta wasa ba ce, kuma babu wanda zai koya wa mutanen wannan yanki illar guba irin ta ƙarfe. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa zinariya, kamar Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, inda yara fiye da 400 suka rasu. Zaibar da ke cikin ƙwan majigi kaɗan ce, amma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka shiga yarjejeniyar Minamata ta 2013 domin rage amfani da ita. Mataccen ƙwai kada a jefa shi a juji inda yara ke tsince-tsince, kada kuma a ƙona shi. A mai da shi cikin kwalinsa a ajiye a sito. Idan ya fashe a cikin majigi, a fitar da mutane, a buɗe tagogi na wajen rabin sa'a kafin a taɓa shi.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Daga Gummi ko Bukkuyum zuwa Gusau tafiya ce mai nisa, kuma a halin tsaron da ake ciki ba kowace rana mai gyara zai yarda ya kamo hanya ba. Majigin da ya mutu a nan yakan yi zangon karatu guda ko fiye a sito. Saboda haka rigakafi ya fi magani, kuma ba shi da tsada.

Jami'in sayen kaya ya sa rimot na biyu, mai koyo, cikin sharuɗɗan kwangila, a saita shi tun ranar da aka kawo kaya. Ma'ajin sito ya shigar da rimot da littafin na'ura cikin rajista da lambarsu, ya kulle na asali, ya fitar da na koyo domin aikin yau da kullum. Shugaban makaranta ya naɗa malami ɗaya da ɗalibai biyu su zama masu kula da majigi, a rubuta ƙa'idar kunnawa da kashewa a manna a bango. Ɗaliban kimiyya kuwa, ga darasi a hannunsu na haske, da lissafin ɗigo, da yadda na'urori ke magana da juna, wanda ba ya bukatar ɗakin gwaji.

Gwamnatin da ta aika da motar majigi ƙauye ƙauye ta san cewa na'ura ba ta tafiya sai da wanda ya san ta. Yanzu da na'urar ta zo ta zauna tare da mu, wajibi ne kowace makaranta da kowace sakatariya ta samar da nata masanin, ko da kuwa ɗalibi ne ɗan aji biyar. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar dukiyar jama'a, amin.